Ummi, Karanta Kafin Ki Danna

Nasarawa Gwom, Jos
Ranar Alhamis

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, Ummina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Maiduguri lafiya. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, amin. Na ce wa mahaifiyarki ta sa ta a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwan gado, don kada ki gan ta sai kin yi nisa. Akwai maganar da bakina ya kasa faɗa miki ido da ido.

Kin san ubanki. A aji uku na sakandare na tsaya, shekarar da kakanki ya rasu bai bar mana komai ba sai shebur da kwanon wankin kuza. Ba wanda ya kama hannuna. Walda da ido na koye ta, ina tsaye bakin shagon wasu ina kallo har idanuna su yi jawur. Injina na farko ni na naɗa wayarsa da hannuna. Gidan da aka haife ki a ciki, ɗaki shida, ni na gina shi. Rijiyar tsakar gida ni na nace aka fasa dutse har aka tarar da ruwa, bayan duk unguwa sun ce haukan banza nake yi. Na sayi a-kori-kura. Na kai mahaifiyata Makka, wadda kika ci sunanta, sannan na kai kaina. Daga Rikkos har Kuru, duk get ɗin ƙarfen da kika gani mai ganyen dabino a samansa, ki tambaya, za a ce miki aikin Alhaji Sale ne. Ko ƙusa ban gada ba.

In kin yaba mini ba laifi, amma ba don yabo na jera miki ba. Na jera ne don ki san cewa mutumin da ya yi duk wannan, wani ɗan akwati da bai kai injin walda nauyi ba, wato kwamfuta, ya sha kayar da shi ƙasa. A cikin kayen akwai guda ɗaya da ya fi zafi, kuma ke ya fi shafa.

An rubuta a takardarki ta shiga jami'a cewa mako biyu gare ki daga ranar buɗe makaranta ki yi rajista ta intanet, wanda bai yi ba a ba wani gurbinsa. Shekaranjiya ina alwala na ji kina ce wa mahaifiyarki ke kam wani za ki nema a kafe, shagon intanet, ya cika miki fom ɗin, don tsoron abin kike ji. Ummi, kada ki yi haka. Ki zauna da kanki, ki cika da hannunki. Zan gaya miki yadda ake yi, kuma ba daga littafi na samo ba, daga kunyar da na sha ne.

Abin da ya fara kai ni kafe, wani ɗan kwangila ne a Kuru ya ce in aiko masa da farashin get ta imel. Na ce to, kamar na san abin da yake nufi. Na nufi wajen Oga Chinedu, abokina tun yana sayar da kayan wuta a gefen shagona, kafin ya buɗe kafe a Rikkos. Ya zaunar da ni gaban kwamfuta mai lamba huɗu, ya buɗe mini akwatin imel, muka aika. Bayan kwana biyu na dawo duba amsa, na tarar da wata mata mai goyo a kan lamba huɗu. Ga lamba biyu ba kowa, ga lamba bakwai ba kowa. Na ja benci na zauna. Matar nan kuwa da yatsa ɗaya take rubutu, tana yi tana jijjiga ɗanta. Awa guda ta wuce. Chinedu ya leƙo daga bayan kantar shagon.

"Alaji, me kake jira? Ga mashin nan ba kowa."

Na ce, "Tawa nake jira."

"Wane naka? Ka saya ne ban sani ba?"

"Wasiƙata a cikin waccan take. A nan muka sa ta, ina kallo."

Ya yi dariya har ya dafa bango. "Chineke! Alaji, in ka kira Hajiya a waya, Hajiya yana cikin wayan ne? Wasiƙanka ba ya cikin wannan akwati. Duk mashin nan ƙofa ne kawai, gidan ɗaya ne."

Har mai goyon sai da ta juyo ta dube ni. To ki riƙe wannan: duk kwamfutar da kika samu ba kowa, ki zauna, matuƙar tana da intanet. A fuskar allon za ki ga ƙananan hotuna. Ki nemi harafin e shuɗi, ki kai kibiyar maus kansa, ki danna sau biyu da sauri. Abin da zai buɗe shi ake kira burauza, shi ne motar da za ta kai ki ko'ina. Can sama akwai dogon farin akwati, nan ake rubuta adireshi. Ki danna cikinsa, ki goge abin da ke ciki, ki kwafi adireshin makarantarku daga takardarki harafi bayan harafi, ba tazara, ba ƙari, ɗigo a inda aka sa ɗigo, sannan ki danna Enter. Akwai wani akwatin kuma da yakan fito a tsakiyar shafi, na bincike ne. Na daɗe ina zuba adireshi a cikinsa. Wannan kamar ki tare ɗan acaba ne ki ce ya kai ki wajen mai walda, ba ki faɗi suna ba, ba ki faɗi layi ba. Zai kai ki wajen wani mai walda, amma ba lallai ubanki ba. Akwai 'yan damfara da ke gina shafi mai kama da na makaranta don su kwashe lambar katin mutane. Kina da adireshi a hannu, ki shiga ta sama.

Kayena na biyu gaggawa ce. Hannun mai walda ya saba da guduma, abin da ya ƙi motsi a ƙara masa duka. Kin tuna katin duba sakamakon jarrabawarki, wanda na dawo na ce miki jabu aka sayar mini? Ba jabu ba ne. Na sa lambar, na danna, shafi ya yi fari, ni kuwa na ci gaba da dannawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma. Ashe katin an ƙayyade sau nawa zai yi aiki, kuma kowace dannawa ana ƙirga ta. Kafin shafin ya buɗe na cinye shi tas. Ki danna sau ɗaya, ki ɗauke hannunki, ki ɗora a cinya. A ƙasan allo akwai ɗan layi kore da ke tafiya a hankali, muddin yana motsi ana kan hanya. In ya tsaya cik na dogon lokaci, kuma karatu kawai kike yi ba fom kika tura ba, akwai maɓalli a sama mai kibiyoyi masu zagaye, shi ke sake kiran shafin. Rubutun da kika ga shuɗi da layi a ƙarƙashinsa hanya ce zuwa wani shafi, za ki ga kibiyar ta koma ɗan hannu in kin kai ta kansa. In kin shiga inda ba ki yi niyya ba, kibiyar da ke kallon hagu a kusurwar sama, wadda aka rubuta wa Back, za ta mayar da ke inda kika fito. Duk abin da ya faɗo yana walƙiya yana cewa kin ci kyauta, ki rufe shi ta ɗan kuros ɗin da ke kusurwarsa. Ni na taɓa yini guda ina tunanin inda zan ajiye motar da na ci.

Sai maganar rufe ƙofa. Wata rana na gama duba imel na tashi abina. Washegari na buɗe, na tarar da wasiƙa daga Alhaji Sale zuwa ga Alhaji Sale. An rubuta, "Alaji, kai mai yi wa mutane get, naka gidan ba ƙofa." Chinedu ne. Allah ya taimake ni shi ya zauna bayana ba wani ba. Kafin ki tashi ki nemi inda aka rubuta Sign out, ki danna, ki ga an fita da idonki. Kalmar sirrinki kuwa ko ƙawarki ta ɗaki kada ta sani. In kwamfuta ta tambaye ki ko ta riƙe miki ita, ki ce a'a.

Duk waɗannan abin dariya ne, kuma na yarda ki yi dariyar. Wanda zan faɗa yanzu ba na dariya ba ne.

Bara, ranar da za a cika fom ɗin jami'a, kin saka hijabinki kin biyo ni zaure kin ce, "Baba, in zo mu tafi tare?" Na ce ki koma ki taya mahaifiyarki aiki, wannan ƙaramin abu ne. A lokacin na iya aika imel, sai nake ganin na gama da kwamfuta. Da na zauna, Chinedu ya jawo kujera ya ce, "Alaji, in ka gama bari in duba maka kafin ka tura." Na ce da shi, "Yau ka fara ganina? Je ka kula da masu koyo." Ya ɗaga hannu biyu ya koma bayan kantarsa.

Akwai wani akwati a fom ɗin da in ka danna shi sai jerin fannoni ya zubo. Na nemo naki, ilimin haɗa magunguna, na zaɓa. Na gan shi ya zauna daram, da idona na gani. Sai na so in sauka ƙasan shafi. Akwai wata 'yar taya a tsakiyar maus. Na murza ta. Shafi bai motsa ba. Idona yana ƙasan allo ina jiran ya hau, na ce yau ma netwok ya fara halinsa. Na danna wani wuri, na sake murzawa, shafi ya tafi. Abin da ban sani ba, murzawar farko ba a banza ta tafi ba. Akwatin fannonin yana nan a kame, tayar ta juya shi ya sauka kan wani fanni da ba ki ma zauna jarrabawar darussansa ba. Na cika sauran, na kai ƙarshe. Suka nuna mini duk abin da na rubuta suka ce in duba. Ban duba ba. Na danna Submit na miƙe ina gyara hula.

Sai da takarda ta fito daga firinta, da ɗuminta a hannuna, na ga abin da na yi. Na koma da gudu, na danna kibiyar hagu, fom ya dawo, na gyara, na sake turawa. Jan rubutu ya fito cewa an riga an karɓi fom mai wannan lamba. A nan na koyi cewa kibiyar nan idonka kawai take mayarwa baya, ba ta dawo da abin da ya riga ya tafi. Ƙarfe in ka yanke shi ya yanku.

Chinedu ya karɓi takardar ya karanta, bai yi dariya ba. Ya ce, "Alaji, ka ɗauki yarinyan gobe da safe, ku tafi makarantan da takardu. Ka ce kai ka yi kuskure. Wataƙila su gyara."

Ban je ba, Ummi. Ban san ko da sun gyara ba, don ban gwada ba. Zuwa yana nufin in tsaya a tsakar gidan da na gina in ce ni, Sale, na ɓata. Na ninke takardar na sa ta a ƙasan akwatin kayan aikina, na dawo gida na ce komai ya tafi daidai. Ina ta ce wa kaina wataƙila ba za su lura ba, wataƙila su kira ki su tambaya. Da sunaye suka fito ba naki, na ce netwok ne ya cinye fom ɗin, na ce ai ƙasar nan sai mai uwa a gindin murhu. Na zagi mutanen da ba su yi mini komai ba.

Ke kuwa ba ki yarda da zancen netwok ba, kika ɗauka makinki ne bai kai ba. Ina zaune kan tabarma bayan la'asar kika kawo mini ruwa, kika durƙusa kika ce, "Baba, ka yi haƙuri, na ba ka kunya." Na karɓi ruwan na sha, na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Tartsatsin walda ya ƙone ni ya fi a ƙirga, ba wanda ya kai maganar nan zafi. Ƙawayenki suka tafi, kika shekara a gaban keken ɗinki kina yi wa yaran unguwa kayan makaranta. Makinki ya kai, har ya wuce. Ni na ci miki shekarar nan. Ga takardar na haɗa miki a cikin wannan ambulan, har da tabon baƙin mai a gefenta, ki karanta layi na shida.

Bayan sati guda da maganar ruwan nan na koma kafe na ce wa Chinedu, "Koya mini daga farko, kamar ban san komai ba."

Ya ce, "Ba kamar ba ne, Alaji. Ba ka san komai ba."

Na haɗiye. Wata biyar ina buɗe shago, in raba aiki, in tafi Rikkos in yi awa guda kafin rana ta ɗaga. Na koyi buɗe shafi biyu lokaci ɗaya, ɗaya ina karantawa ɗaya ina cikawa. Na koyi adana adireshi, na koyi neman abu ta akwatin bincike, har sabon zanen get na samo daga wata ƙasa da ban san inda take ba. Yanzu 'yan majalisarmu ta hira ni suke kawo wa takardun 'ya'yansu, ni kuwa in ce su zo da yaran a zauna tare. Fom ɗinki na bana sau uku na karanta shi da ƙarfi, Chinedu yana riƙe da takardunki yana amsa mini kamar mai jan baƙi. Amma ko a ranar ban zo da ke ba, don ina tsoron ya yi suɓutar baki a gabanki. Shi ya sa har yau ba ki taɓa riƙe maus ba, wannan ma laifina ne. Duk ranar da na shiga kafe gaisuwarsa ɗaya ce, "Alaji, ka gaya wa yarinyan?" Makon jiya ya ce in kika bar Jos ban faɗa ba, kada in ƙara zama a bencinsa. To na faɗa.

Yanzu ga abin da nake so ki yi. Kada ki jira ranar ƙarshe, ranar da kowa zai taru shafin ya yi nauyi. Washegarin saukarki ki nemi kafe kusa da makaranta, da safe, ki sayi awa guda ta wasa kawai. Ki buɗe shafi, ki koma baya, ki murza tayar nan ki ga halinta, ki ɓata ki dawo, ba abin da zai fashe. Kashegari ki koma da takardunki da biro. Duk akwatin da kika zaɓi abu a cikinsa, ki danna farin fili a gefe kafin yatsanki ya taɓa taya. In kin kai ƙarshe ki koma sama, ki ɗora yatsa a kan allo, ki bi layi-layi kina gwadawa da takardunki: suna, lamba, fanni, darussa. Ko lokacinki ya ƙare ki sayi wani, ko mai jiran kujera yana tsaki ki bar shi ya yi. Sannan ki yi bisimilla ki danna sau ɗaya. In an ɗauke wuta a tsakiya, kada ki sake turawa sai kin shiga kin duba ko ya riga ya tafi. Ki buga takardar shaida guda biyu, ki karanta ta tun kina tsaye a wurin.

In akwai abin da ba ki gane ba, ki tambaya da babbar murya, matambayi ba ya ɓata. Mai kafe ya tsaya a bayanki ya nuna miki da baki, amma maus ɗin yana hannunki. Wanda za ki ba wa ya cika miki, fom goma ne a gabansa, ba shi zai zauna gida shekara guda ba. In kuma duk da haka kuskure ya faru, a ranar za ki faɗa. Ki ɗauki takardar ki tafi ofis, ki ce ni na yi, a taimake ni. Ki kira ni a wayar da na saya miki, ko ina kan tsani zan sauko. Kuskuren taya na minti ɗaya ne, shirun da na yi shi ya mayar da shi shekara.

Ba na shakkarki ko kaɗan. Yarinyar da ta kwance keken ɗinki ta mayar ba wanda ya nuna mata, ba akwatin gilashi ne zai gagare ta ba. Jinina ce ke, sai dai kin fi ni haƙuri, kin kuma fi ni karanta abu kafin ki sa hannu.

Tun da na tashi ban taɓa roƙon ɗan Adam komai ba. Yau ina roƙonki ki yafe mini. Ba sai kin faɗa a waya ba, na san nauyin baki irin namu. Na rubuta miki adireshin imel ɗina a bayan wannan takarda. Ranar da kika gama rajista, ki buɗe naki akwatin da hannunki, ki aiko mini da layi ɗaya, ko da "Baba, na gama" ne. In na gan shi na san sauran. Daga Litinin kullum da safe ina Rikkos ina dubawa.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki kula da abokan zama, ki sha ruwa da yawa don zafin can ba irin sanyinmu na Jos ba ne. Allah ya ba ki ilimi mai amfani, ya tsare gabanki da bayanki, ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke lafiya, amin summa amin.

Saura abu ɗaya, kuma wannan ba roƙo ba ne. A cikin fom ɗin akwai akwatin sunan mai ɗaukar nauyi. Ki rubuta sunana cikakke, kada ki gutsure shi. Wajen sana'a kada ki sa ɗan kasuwa don ya yi daɗin ji, ki sa walda. An kuma ce mini a shekarar ƙarshe kowane ɗalibi yana rubuta babban littafi da ake ajiyewa a makaranta, da shafin godiya a farkonsa. A wannan shafin ma ina son sunana, a layin farko. Chinedu ki sa shi a ƙasa da ni, ya cancanta. In kin ga dama ki ƙara cewa mutumin nan ya taɓa ci miki shekara guda, ba zan musa ba. Amma sunan dai a rubuta shi, ya shiga jami'ar da mai shi bai shiga ba, kamar haka:

Mahaifinki,
Alhaji Sale Garba Mai Walda, Nasarawa Gwom